Ɗan Aiken Da Ya Mayar Da Likita Boyi

SHAFI NA 17

Kawu Gidaɗo maci amana ne. Na faɗa, ba kuma zan janye ba.

Masu rubuto min cewa in sassauta masa tunda shi ya sa yaron a boko, ku karanta shafin nan tukuna. Ɓarawon akuya ya fi shi mutunci, don shi akuya ya ɗauka. Mutumin da aka ba saƙo tsakanin uwa da ɗanta ya murɗe shi a hanya, Allah kaɗai ya san nauyin abin da ya ɗora wa kansa.

Ga inda muka tsaya. Daminar 1956 ce a Kontagora. Khalilu, ɗan farin Kubura, ya samu wurin karatun likita har biyu: ɗaya a Ingila ta hannun gwamnatin Arewa, ɗaya a Masar ta hannun wani Alhaji na Kano. Ya riga ya je gaban Baturen makaranta ya ce ya haƙura da Ingila. Gobe da safe zai hau motar Zungeru, daga can jirgin ƙasa zuwa Kano, daga Kano sai Masar.

Kun kuma san Kubura. Bafulatana ce ta gaske. Tun da ta haifi Khalilu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba, saboda kunyar ɗan fari. A ruga wajen kakarsa ya tashi, shi ya sa Adda yake ce mata kamar yayarsa. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin wanta Gidaɗo, tafintan ofishin makaranta.

To, mu je.

*

Da hantsi Cecilia ta shigo da 'yar jakarta. Malamar asibiti ce, mutuniyar Rijau, maƙwabciyarsu. Ita ke wanke wa Kubura gyambon da ke ƙafarta.

"Gafaranku dai, masu gida. Inna, ƙafar ta bar ki kin yi barci?"

"Sisiliya. Yau ma da ruwan shunin nan naki mai zafi?"

"In bai yi zafi ba ai bai yi aiki ba. Miƙo ta."

Kubura ta miƙa ƙafar. A gefenta ga dakuwa a ƙwarya, ga soyayyen nama, ga man shanu a kwalba.

Cecilia ta duba ta yi dariya. "Duk wannan guzurin mutum ɗaya ne? Ko mutanen Masar ɗin za a ciyar?"

"An ce hanyar da nisa."

Cecilia ta ci gaba da wankin, ba ta ƙara dariya ba. Can ta ɗago.

"Inna, zan yi miki rashin kunya."

"Yau kika fara?"

"Maigidana kullum yana zuwa ɗakin karatu sauraron rediyo. Ba maganar da ake yi sai ta Masar. Sun karɓe mashigin ruwan nan na Suwez, Ingila da Faransa kuma suna ta tara jiragen yaƙi. Kowa cewa yake za a gwabza."

Kubura ta janye ƙafarta.

"Yaƙi? A ina?"

"A Masar mana."

"Hamma ya ce ƙasar Musulmi ce. Ya ce lafiya lau, kowane lungu da masallacinsa." Hamma, wato yaya, take ce wa wan nata Gidaɗo.

"Masallaci akwai. Bom kuma ba ya tambaya." Cecilia ta jawo ƙafar ta mayar kan cinyarta. "Ni abin da ya hana ni sakat ke nan. Yaro ya samu Ingila, kowa a garin nan yana taya ku murna, sai kawai muka ji kin hana. Me ya yi zafi, Inna?"

Kubura ta dubi ƙwaryar dakuwa.

"Kin san yadda uban yaron nan ya mutu?"

"Na ji an ce ciwon ciki."

"Haka aka ce." Ta gyara ɗankwalinta. "Mutumin da in ya koro shanu daga Zugurma ba a ganin ƙarshensu. Ciwo ya shiga garke, ya share. Ya shigo gari, ba sana'a, ba gona. Ya tafi bariki ya zama boyi. Mai gemu, Sisiliya, yana wanke kwanon da kare ya lasa. Ran nan tangaran ya suɓuce masa, matar gidan ta mare shi a gaban kuku. Ya dawo ya zauna a nan inda kike. Daga ranar abinci bai ƙara zama a cikinsa ba."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. To ni na yi alkawari. Abin da ya fito daga jikina ba zai yi boyi ba, ko a gidan Sarkin Ingila ne."

"Wa ya ce zai yi boyi? Likita fa zai karanta."

"Haka suke cewa don a ba su 'ya'ya. Hamma ya tona min asirin. Ya ce in sun gama karatun ba a sakinsu, sai an mai da su wani abu wai shi..." Ta yamutsa fuska tana neman kalmar. "Hausman."

"Hausman, e. Sai me?"

"Na ce mene ne hausman? Ya ce da Turanci haus gida ne, man kuma mutum. Mutumin gida. Boyi ke nan, an sa masa riga."

Dariya ta ƙwace wa Cecilia. Ta kai hannu ta rufe baki. Da ta ga fuskar Kubura sai dariyar ta mutu.

"Inna. Da gaske kike?"

"Na yi miki kama da mai wasa?"

"Wayyo Allah." Audugar ta faɗi daga hannunta. "Inna, hausman likita ne. Sabon likita. In ya gama karatu sai ya shekara a asibiti ƙarƙashin manya, yana kwana a can, yana duba marasa lafiya. Asibitin shi ne gidan da ake nufi. Likitan da ya duba ƙafar nan taki bara, shi ma sai da ya yi. Ba a ba mutum rijista sai ya yi."

"Hamma ya fi ki jin Turanci."

"Ya fi ni. Shi ya sa na ce wayyo."

Ta miƙe, ta juya wajen zanan da ya raba tsakar gida da ɗakin samari.

"Khalilu! Khalilu, fito!"

"Ke! Me kike yi?" Kubura ta finciko mayafi ta rufa, ta juya fuskarta ga bango.

Khalilu ya fito, hannunsa da igiyar da yake ɗaure akwati. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan. Da ya ga uwar tasa zaune sai ya tsaya nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Adda."

Ba ta amsa ba. Ba ta taɓa amsawa ba.

Cecilia ta tsaya a tsakaninsu, ta riƙe ƙugu. "Yau ni ce tafinta. Inna, tambaye shi."

Kubura ta ƙara jan mayafin.

"Inna, gobe fa zai tafi."

Daga cikin mayafin murya ta fito, ƙasa-ƙasa. "Ce wa wancan... mene ne hausman."

"Ka ji. Wai mene ne hausman."

Khalilu ya ɗago da mamaki. "Ai shi ne duk abin da nake kuka a kai. Shi na roƙi Kawu ya bayyana mata tun farko."

"Bayyana yanzu."

"Ki ce mata, in na yi Ingila, ina gamawa za su ba ni asibiti in yi hausman, in samu rijista, in dawo gida a ba ni aiki. Ko nan Kontagora za a iya turo ni. Takardar Masar kuwa Bature ya gaya min ƙarara, gwamnatin nan ba ta san da ita ba. Zan dawo da karatu a kai, ba asibitin da zai karɓe ni. Ga maganar yaƙi. Na ce wa Kawu, don Allah ya gaya mata ban ƙi ƙasar Musulmi ba, amma ana hango hayaƙi. Na ce na san Ingila ma ba aljanna ba ce, akwai sanyi, akwai tarin fuka, ba mai kiran salla. Na ce zan riƙe addinina, in ta yarda in rantse mata da Alƙur'ani."

Mayafin ya motsa.

"Ce masa ba abin da aka kawo min ke nan ba."

"Me aka kawo miki, Inna?"

"An ce ya ce duk inda na zaɓa masa daidai ne. An ce shi ma Masar ɗin ta fi kwanta masa, kunyar Bature yake ji."

Khalilu ya saki igiyar.

"Ni?"

"Ce masa na aika a tambaye shi, shin gaskiya ne za a mai da shi boyi. Aka dawo aka ce min ya sunkuyar da kai bai musa ba."

"Boyi?" Ya dubi Cecilia. "Wane boyi? Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar."

"To kai me aka kawo maka?"

Idonsa ya kawo ruwa.

"Ba zan iya maimaitawa a gabanta ba."

"Za ka iya. Faɗi."

"Kawu ya ce..." Ya kawar da kai. "Ya ce ta ce, in na taka ƙasar Ingila, ba ta yafe min nonon da na sha ba."

Ku saurara, masu karatu. Matar da ta shekara ashirin tana kauce wa idon ɗanta, ita ce ta yar da mayafi ta juyo gaba ɗaya, har ƙwaryar dakuwa ta kife.

"Ni?"

Ta dube shi. Ya dube ta.

"Ni na ce haka? Khalilu, ni?"

Sunan ya fito a karkace, kamar bakin bai san hanyarsa ba. Khalilu ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

"Nonon da ko shekara ba ka yi kana sha ba aka ɗauke ka? Da me zan yi maka gori? Ni da nake tashi in leƙa ta zana in ga ko ka ci abinci?"

"Na yarda ne, Adda. Na ce uwa ba ta faɗin haka a banza. Washegari na je na ce wa Bature na fasa."

"Ba ka zo ka tambaye ni ba."

"Ta ina?"

Ba ta da amsa. Ni ma ba zan ba ta ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kunya ado ce, ban musa ba, amma Kubura ta sayi tata da tsada.

Suna cikin haka aka ji gyaran murya daga zaure.

Gidaɗo ne, ya taso daga ofis, da jar dararsa da lema a hammata. Ya shigo yana murmushi.

"Yas, yas. An gama ɗaurin kaya? Na yi wa direba magana, gaba za a sa..."

Ya ga dakuwa a ƙasa. Ya ga ƙanwarsa ba mayafi tana fuskantar ɗanta. Ya ga Cecilia.

"Lafiya?"

"Hamma," in ji Kubura, "zauna."

"Ina sauri ne, Kubura."

"Zauna. Mene ne hausman?"

Ya dubi Cecilia, ya yi 'yar dariya. "Au, 'yar mishan ce ta zo ta hure miki kunne? Ke yarinya, aikinki gyambo. Ki tsaya a gyambo."

"Baba Tafinta, kafin a mai da kai ofishin makaranta a asibiti na same ka. Kai ne ka fara gaya min kalmar nan. Ka ce sabon likitanmu bai daɗe da gama hausman ba, shi ya sa hannunsa yake rawa."

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna."

Ya jingine lemar a bango. Ya zauna a kan turmi, ya gyara riga.

"To, na ji. Mu yi maganar hankali. Shi hausman ɗin me yake yi? A asibiti yake kwana. A tashe shi duk lokacin da aka ga dama. Babban likita yana gaba, shi yana baya da kaya. A daka masa tsawa ya ce yas sa. Ku gaya min bambancinsa da boyi."

"Kawu," in ji Khalilu, "ka san bambancin."

"Kai rufe min baki! Ni na ɗauko ka daga bayan shanu na kai ka makaranta, uwarka tana kuka. Yau ni za ka koya wa Turanci?" Ya juya ga Kubura. "Na tsare miki ɗa ne. Kin san Ingila? Rana ba ta fitowa. Wani yaro na Bida da aka kai, tarin fuka ya kama shi, a can aka binne shi, ko gawarsa uwarsa ba ta gani ba. Wanda ya tsira kuma ya dawo da kwalba a hannu da Baturiya a gefe. Wannan kike so?"

"Da ka gaya min haka, da na auna da kaina."

"Ke me kika sani da za ki auna?"

"Yaƙin Masar fa? Shi ma don ka tsare min ɗa ka ɓoye?"

"Surutun rediyo ne. Ba abin da zai faru."

"Nonona fa, Hamma?"

Ya gyara zama a kan turmin.

"Da bakin wa na ce ban yafe ba?"

"Yaron yana da taurin kai. Da ban ƙara gishiri ba, da bai ji ba."

"Gishiri," in ji Kubura. Ta maimaita a hankali. "Gishiri."

Cecilia ta tsuguna tana tsince dakuwar daga ƙasa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni tambaya ɗaya gare ni. Wurin da Khalilu ya bari, wa aka ba?"

Gidaɗo ya kai hannu ga lemarsa.

Kubura ta dubi ɗanta. "Wa aka ba?"

"Na ɗauka kin sani, Adda. Wanda yake bi na a jarrabawa."

"Wane ne?"

"Yero."

Yero ɗan Gidaɗo ne na cikinsa.

"Yero yana Ikko," in ji Kubura. "Aikin akawu ya samu a reluwe. Ni na daka masa dakuwar tafiya makon jiya."

"Ikko zai hau jirgin ruwa. Kawu ya ce kin sa albarka. Ya ce har bargon Baba kin ba shi saboda sanyi."

Kubura ta dafa ƙasa da hannu biyu.

Bargon ulu ne, shi kaɗai ya rage mata na mijinta. Gidaɗo ya zo ya roƙa, ya ce Ikko bakin teku ce, akwai ɗari. Ta ciro shi daga ƙasan adaka ta ba shi da hannunta.

"Ƙasar da ba rana," ta ce. "Ƙasar tarin fuka da kwalba. Ita ka kai naka."

Gidaɗo ya miƙe tsaye. Murmushin ya tafi, muryarsa ta sauya.

"E, na kai shi! Shi nawa ba ɗa ba ne? Shekara nawa ina tsaye a bayan kujerar Bature, ya yi magana in maimaita kamar aku? Yaran da na raina suna dawowa su zauna, ni ina tsaye. Na ɗauko ɗanki na sa shi a hanya, tare suke tafiya makaranta da nawa, fitila ɗaya suke karatu. Ranar da sakamako ya fito, ni aka ba in faɗa da Hausa a gaban jama'a. Da bakina na ce Khalilu na ɗaya. Kin san yadda na ji?"

"Da ka roƙa, Kawu."

"Da ka ba ni?"

Khalilu ya dubi ƙasa.

"Ka gani."

"Yero ya sani?" in ji Kubura.

"Bai sani ba. Wannan kam na rantse da Allah."

"Rantsuwarka ka riƙe abarka. Khalilu, ya sani?"

"Bai sani ba, Adda. Da zai tafi ya rungume ni yana kuka. Ya ce in sake tunani, shi zai iya jira."

Cecilia ta ajiye ƙwaryar. "To tashi mana, Khalilu! Ruga wajen Bature ka gaya masa komai."

"Yana rangadi a Bangi, ruwa ya cinye hanya."

"A buga waya Minna."

"A ce me? Wuri ɗaya aka ba lardin nan. An sauya suna, Kaduna ta sa hannu. Jirgin Yero ko ya tashi ko yana shirin tashi." Ya share fuska da hannun riga. "Ko da zan iya, ba zan sa a sauke shi a gaban mutane ba. Bai yi min komai ba."

"Kwalejin Ibadan fa?"

"Sun rufe ɗauka tun bazara."

"Baɗi?"

"Baɗi shekaruna sun wuce abin da suke ɗauka. Bature ya gaya min tun ranar. Ya tambaye ni har sau nawa, ka tabbata? Na ce na tabbata." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kawu ne ma ya rako ni."

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kaji suka zo suna tsattsagar ɓarɓashin dakuwa, ba wanda ya kore su.

Khalilu ya matso da gwiwa har ya zo kusa da tabarmar uwarsa. Bai taɓa zuwa kusa haka ba.

"Inna."

Ta runtse ido.

"Abu biyu ya rage. Ko in hau motar gobe, ko in zauna in nemi aikin malanta a firamare. In na tafi, ban san abin da zan tarar ba. Mai yiwuwa a yi yaƙin, mai yiwuwa a fasa. In Allah ya sa na gama, mai yiwuwa in dawo a hana ni taɓa marar lafiya. In na zauna, ina nan kusa da ke, lafiya lau, amma likita ya wuce ni har abada. Ba na son ɗan aike. Ki faɗa min da bakinki."

Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba.

"So nake ka zauna. Yau na same ka, gobe a ce ka tafi? In na bi son raina, sai in ɗaure akwatin nan a ƙafata." Ta ja numfashi. "Amma na zaɓa maka sau ɗaya da kunnen wani, ka ga inda na kai ka. Ban san Masar ba, ban san Ingila ba. Ko Minna ban sani ba. Kai ka sani. Zaɓi, ni in sa albarka."

"Ko na zaɓi tafiya?"

"Ko ka zaɓi tafiya."

Ya sunkuyar da kai.

"Kin tuna Zinariya."

Ƙanwarsa ce. Bara waccan naƙuda ta zo mata da gardama, likita kuma ba ya gari, ta cika a bayan mota a hanyar Minna da ɗan a cikinta.

"Ni na riƙe kanta, Inna. Tana ce min Hamma yi wani abu, kai da ka yi boko. Ban san komai ba sai sunan ciwon." Muryarsa ta karye. "Turawan nan ba za su dawwama ba, ana ta maganar mulkin kai. Wataƙila kafin in gama a sauya doka. Wataƙila ba za a sauya ba. Zan tafi."

Kubura ta miƙa hannu. Sannan ta ɗora shi a kansa.

"Allah ya kai ka. Allah ya rufe ka daga wutarsu. Nonon da ka sha, kaɗan ne, amma halal ne, na yafe duniya da lahira. Ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

"To kowa ya zo maka da wata magana, ƙarya ce."

Cecilia ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Gidaɗo ya ɗauki lemarsa. "To, alhamdu lillahi. Tunda an daidaita, shi ke nan. Zumunci ai ya fi gaban wannan. Kubura, in kin huce ma yi magana."

Ya nufi 'yar ƙofar da ta haɗa gidansa da nata.

"Kada ka bi nan."

Ya tsaya.

"Zaga ta zaure, kamar kowane baƙo."

"Ni? Ciki ɗaya muka fito, Kubura."

"Na sani. Shi ya sa na ba ka kunnena." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka taɓa min miji a kabarinsa, ka ɗauki ciwona ka yi makami da shi. Ka sa min magana a baki wadda ko mahaukaciya ba ta faɗa wa ɗanta. In yaron nan ya dawo, Allah ne. In bai dawo ba, kai ne. Sisiliya."

"Na'am, Inna."

"In kin fita ki turo min magini."

A ranar, kafin ruwa ya sauko, aka toshe ƙofar da laka. Da Bature ya dawo daga rangadi, maganar ta riga shi isa ofis, ya kori Gidaɗo daga aikin tafinta. A Kontagora ba wanda ya ƙara ba shi saƙo, ko na gaisuwa. Kubura kuwa ba ta sake yi masa magana ba har ya mutu.